Inda Ɗakinka Ke Yoyo: Yadda Za Ka Gane Halinka Ka Rage Matsin Aiki

Ƙarfe uku da rabi na yammacin Alhamis shugaban sashe ya leƙo ofis, ya ce rahoton da aka shirya miƙawa ranar Litinin, yanzu gobe da safe ake son sa. Mutum huɗu ne a ɗakin. Na farko ya ja ɗan tsaki, ya jawo kwamfuta ya kama aiki. Ta biyu ta ce "To, Yallaɓai" har da murmushi, alhali ta bar mara lafiya a gida yana jiran ta kai shi asibiti. Na uku ko ƙofa ba a gama rufewa ba ya hau faɗa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na huɗu bai ce uffan ba, amma daren nan ba zai runtsa ba, zai kwana yana saƙa da warwara: ko dai kuskuren da ya yi makon jiya ne ya sa aka matso da ranar?

Ruwa ɗaya ne ya sauka a kansu su huɗun, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai ka sāke hali gaba ɗaya ba kafin ka samu sauƙi. Abin da ake buƙata shi ne ka gano daidai wurin da halinka da aikinka suke gugar juna, ka gyara wannan wurin.

A shekarar 1984 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, suka yi wani bayani da har yau ake aiki da shi. Suka ce duk lokacin da wani abu ya taso, zuciya kan yi wa kanta tambaya biyu cikin ƙiftawar ido: abin nan zai cutar da ni? In zai cutar, ina da abin da zan tare shi da shi? In amsar farko "e" ce, ta biyu kuma "a'a", sai jiki ya ɗaura ɗamara. Wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadaran adiranalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, sukari ya hau a jini, narkewar abinci ta ja baya. Na awa ɗaya ko biyu wannan ba illa ba ne, shi ne ma yake sa a gama aiki a kan kari. Illar tana zuwa ne in jiki ya kasa kwance ɗamarar wata da watanni. Hali kuwa shi ke karkata amsar tambayoyin nan biyu, shi kuma ke yanke tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya huce.

Mataki na farko: auna aikin kafin ka tuhumi kanka

Da gangan na sa wannan a gaba. Da zarar an fara maganar hali, wasu shugabanni kan samu mafaka. Ma'aikaci ya koka, sai a ce "ai shi dama ba shi da haƙuri", a rufe zancen. Akwai aikin da ko wane irin hali gare ka sai ya ci ka: ma'aikaciyar jinya ita kaɗai a ɗakin marasa lafiya tun magariba har asuba, malamin firamare da yara suka cika masa aji har bakin taga ga albashi sai wata ya yi nisa, ma'aikacin banki da aka yanka wa adadin kuɗin ajiyar da zai nemo ko ya rasa kujerarsa.

Wani masani mai suna Robert Karasek ya nuna a 1979 cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne mafi muni ba. Mafi muni shi ne a haɗa maka yawan aiki da rashin ta-cewa a kan yadda za ka yi shi. Wani dogon bincike da aka fara a Landan a 1985 a ƙarƙashin Michael Marmot, wanda ya bi diddigin ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, ya tarar da cewa ƙananan ma'aikata sun fi manyansu kamuwa da ciwon zuciya, kuma rashin iko a kan aikinsu na cikin manyan dalilai. A 1996 wani masani a Jamus, Johannes Siegrist, ya ƙara wani ma'auni: wahalar da kake sha da ladan da kake samu, ladan kuwa ya haɗa albashi, girmamawa, ƙarin girma da tabbacin cewa gobe aikin yana nan. Sannan a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Saboda haka ka amsa waɗannan a takarda, ba a ka ba. Awa nawa kake aiki a mako, har da wanda kake ɗauka zuwa gida da saƙonnin dare? Kana da bakin magana a kan abin da za a fara da abin da zai jira? Abin da ake ba ka ya yi kusa da abin da kake bayarwa? In abu ya kwaɓe, akwai wanda za ka je wurinsa?

In uku daga cikin huɗun sun fito da muni, kuma abokan aikinka masu hali daban-daban duk kukansu ɗaya, to matsalar ta aikin ce. Ka ci gaba da sauran matakan, za su rage maka zafi, amma mataki na biyar shi ne naka.

Mataki na biyu: mako biyu kana rubutawa

Ka samu ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, ko ka buɗe shafi a waya. Duk lokacin da ka ji ranka ya ɓaci ko gabanka ya faɗi saboda aiki, ka rubuta abu shida a taƙaice: lokaci, abin da ya faru, abin da jikinka ya yi, maganar da zuciyarka ta faɗa maka, abin da ka aikata, da tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka dawo daidai. Ka ba zafin abin maki daga 1 zuwa 10.

Ga yadda rubutu ɗaya zai kasance: "Talata, 11:20. Oga ya wuce, na gaishe shi bai amsa ba. Cikina ya murɗa, tafin hannuna ya yi gumi. Zuciya ta ce: an kai masa ƙarata. Na kasa ci gaba da lissafi, na yi ta duba waya. Sai bayan la'asar na sake. Maki 7."

Kada ka gyara maganar zuciyar don ta yi kyaun gani. In "ni ba na iya komai" ta ce, haka za ka rubuta. Kuma ka fi mai da hankali ga na shidan, wato tsawon lokaci. Mutum biyu za su iya ba abu ɗaya maki 8, ɗaya ya manta kafin azahar, ɗaya ya kai shi gado ya tashi da shi. Na biyun ne jikinsa ke biyan bashi.

Mako ɗaya ba ya isa, domin kowane mako da irin nasa. Wata guda kuma mutane kan gaji su watsar. In ka tsallake kwana ɗaya kada ka ce abin ya lalace, ka ɗora daga inda ka tsaya.

Mataki na uku: karanta abin da ka rubuta da idon baƙo

Ranar da ba aiki, ka zauna ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya maimaita kansa. Yawanci ba ya wuce abu biyu ko uku. Sannan ka gwada su da manyan halaye biyar da masana suka fi yarda da su, waɗanda Paul Costa da Robert McCrae suka yi fice wajen auna su tun shekarun 1980: saurin shiga damuwa, tsari da riƙon aiki, sauƙin kai da son zaman lafiya, son shiga jama'a, da son sabon abu. Kowanne ma'auni ne mai sama da ƙasa, yawancin mutane kuma a tsakiya suke. Wannan ne ma ya sa ba na ba da muhimmanci ga gwaje-gwajen intanet da ke raba mutane gida 16 su ba kowa haruffa huɗu. Mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan daban. Su kansu halaye biyar ɗin a kan Turawa aka fi gwada su, kuma da aka kai su wurin mutanen Tsimane na ƙasar Bolibiya a wani bincike na 2013, ba su fito su biyar cif ba. Ka ɗauke su a matsayin abin taimako wajen kallon kai, ba hukunci ba.

Daga cikin biyar ɗin, saurin shiga damuwa shi ne wanda bincike ya fi alaƙantawa da jin matsin aiki da ƙonewa a kansa, wato gajiya da ƙosawa da aikin gaba ɗaya. Alamarsa a littafinka: maki masu yawa a kan ƙananan abubuwa, kalmomi irin su "shi ke nan", "na shiga uku", "za a kore ni", da daɗewa kafin a huce. In kuwa abin da ya cika littafin shi ne "na karɓi aikin wane", "na kasa ce masa a'a", "na yi shiru amma abin ya ci ni", to sauƙin kai ne ya yi yawa. In "na sake dubawa", "ban miƙa ba don bai yi yadda nake so ba", "gara in yi da kaina" ne, riƙon aiki ne ya zarce ya zama neman kamala. In "na bari sai gobe" ne ya fi yawa, sannan firgici a ranar ƙarshe, tsarin ne ya yi ƙaranci. In duk manyan makin sun zo ne bayan taro, hayaniya ko yinin da ka sha jama'a, kai mai son shiru ne da aka ajiye a kasuwa.

Kafin ka yanke, ka tambayi mutum biyu da suka san ka, ɗaya a gida ɗaya a wurin aiki. Kada ka ce "yaya halina yake?", domin kara za su yi maka. Ka ce: "In aiki ya matse ni, me kake fara gani a tare da ni?" Ka yi shiru ka saurara, kada ka kare kanka. Matar aure ko miji kan ba da amsar da ta fi kowace daidai, ko da ba ta yi daɗi ba.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne, mene ne amfanin wannan wahala? Akwai gaskiya a ciki: binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kaso mai tsoka, kusan rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Amma binciken da ya bi mutane shekara da shekaru ya nuna yawancinsu kan ƙara natsuwa da riƙon amana yayin da suke manyanta. Wani nazari na 2017 da Brent Roberts ya jagoranta, wanda ya tattara bincike sama da 200, ya tarar da cewa zama da ƙwararren mai ba da shawara na 'yan watanni kan rage saurin damuwa yadda har za a iya auna bambancin.

Mataki na huɗu: ɗauki hali ɗaya, ka yi masa maganinsa

Ɗaya na ce. Wanda ya tasar wa uku a lokaci guda, mako biyu zai yi ya koma gidan jiya.

*In kai mai saurin damuwa ne.* Abin da ya fi cin ka shi ne rashin tabbas, ba nauyin aiki ba. Ka lura, ranar da aka ba ka aiki mai yawa amma a fayyace, kana lafiya. Ranar da aka ce "ka zo ina son ganin ka gobe" ba tare da an faɗi dalili ba, ranar ce ba barci. Don haka maganinka na farko tambaya ce. In an ba ka aiki, kafin ka bar wurin ka san abu uku: yaushe ake so, wane fasali ake so, wa zai duba. In an ce ana son ganin ka, ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, akwai takardar da zan taho da ita?" Sau da yawa amsar ita kaɗai za ta kashe wutar.

Na biyu, ka ware wa damuwa lokacinta. Minti goma sha biyar a rana, misali bayan la'asar, ba dab da kwanciya ba. In tunani ya taso da safe, ka rubuta shi a layi ɗaya ka ce masa sai anjima. In lokacin ya yi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya uku: wace hujja gare ni cewa haka ne? Wane bayani ne kuma zai iya zama gaskiya? In ma ya faru, me zan yi? Ogan da bai amsa gaisuwa ba, wataƙila shi ma daga sama aka taso shi. Da farko abin zai yi maka kamar wasan yara. Ka daure mako uku. Ka riƙa komawa baya kana duba abubuwan da ka ji tsoro, ka ƙirga nawa ne suka auku da gaske. Wannan ƙidayar ta fi duk wani lallashi da wani zai yi maka.

Na uku na jiki ne, don lokacin da abin ya taso a tsakiyar aiki: ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko bakwai, na minti biyu. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Kuma kada ka raina halin nan naka. Mai irinsa ne ke hango kuskure a lissafi kafin mai bincike ya iso.

*In kara da kawaici ne suka yi maka yawa.* A nan tarbiyyarmu da tsarin ofis suke karo. An raine mu a kan kada ka musa wa babba, kada a roƙe ka ka hana, kada ka nuna ɓacin rai. Halaye ne masu kyau a inda kowa ke yi wa kowa kara. A wurin aiki kuwa, kaya kan gangara ne wurin wanda ba ya cewa a'a. Shi ake ba dutin ranar Sallah, shi ke riƙe wa kowa aji, ita ake bar wa rubuta bayanan taro shekara da shekaru. Ga kuma wahalar da ba a gani: yin murmushi alhali ciki na tafasa. Masana sun daɗe da lura cewa masu aikin da ke tilasta nuna fara'ar da babu ita a zuci, kamar masu karɓar baƙi da masu zama a kanta, sun fi saurin ƙosawa da aikinsu.

Ba za ka koyi cewa "a'a" ƙiri-ƙiri a dare ɗaya ba, kuma ba lallai ba ne. Abin da za ka koya shi ne jinkirta "to". Ka haddace jimla ɗaya: "Bari in duba abin da ke hannuna, zan faɗa maka kafin azahar." Wannan ɗan lokacin shi zai ba ka damar yin tunani ba idon mai roƙo a kanka. Ga abokin aiki: "Wallahi yau ba zan samu dama ba, amma in ya kai Laraba zan duba maka rabinsa." Ga shugaba, kada ka ƙi, ka miƙa masa zaɓi: "Yallaɓai, akwai na jiya da ka ce a gama yau, ga kuma wannan. Wanne kake so in fara?" Ba ka yi rashin kunya ba, kuma nauyin yanke shawara ya koma inda ya dace. Ka fara gwadawa a kan ƙananan abubuwa da mutanen da ba ka jin nauyinsu sosai. Za ka ji kamar ka yi laifi. Wannan jin zai zo ko da ka yi daidai, kuma yana raguwa da maimaici.

*In neman kamala ne.* A bambance mai son aikinsa ya yi kyau da mai tsoron a ga aibinsa. Na farko yana jin daɗi in ya gama. Na biyu ko ya gama ba ya hutawa, kuma shi ne ke ƙonewa. Kafin ka fara kowane aiki ka raba shi gida biyu: wanda kuskure a cikinsa zai yi ɓarna, kamar adadin magani ko lissafin albashi, da wanda "ya isa" ya wadatar, kamar takardar sanarwar taro. Na farkon ka duba sau biyu. Na biyun sau ɗaya, ka sa masa lokaci, in ya cika ka miƙa. Sannan kowane mako ka ba wani aiki guda, ka bar shi ya yi yadda ya iya, kada ka bi bayansa da dare kana sakewa. Telan da ya ce duk ɗinkin Sallah sai ya bi ta hannunsa, ga yara uku zaune a shago, shi ne ke kwana a kan keke daren idi, kuma duk da haka sai an zo an yi masa faɗa.

*In kai mai zuciya ne.* A 1959 wasu likitocin zuciya biyu a Amurka, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka bayyana wani rukunin mutane masu gaggawa, gasa da saurin hasala, suka ce sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da duka maganar ba. Gaggawa da son ci gaba ba su ne matsalar ba. Abin da ya fi tsayawa shi ne fushi, ƙullata da zargin mutane da mugun nufi. In littafinka cike yake da "da gangan ya yi" da "raina ni ya yi", nan ne naka. Ka san alamar farko a jikinka, ko zafin kunne ne ko cije haƙora, da ka ji ta ka bar wurin. Hadisin da ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, aiki yake yi a ofis kamar yadda yake yi a gida. Ka kafa wa kanka doka: ba amsa saƙo, ba rubuta takarda, ba kiran waya sai bayan minti talatin. Musamman a zauren WhatsApp na ofis, inda magana ɗaya ta fushi kan zauna a wayar mutum arba'in.

*Mai son shiru* ya nemi awa ɗaya a rana da ba mai shigo masa, ya ajiye aiki mai wuya don wannan lokacin, kada kuma ya jera taro biyu ba hutu a tsakani. *Mai son jama'a* da aka ajiye shi kaɗai da takardu ko aikin gida ta intanet, akasin haka zai yi: ya ci abincin rana da mutane, ya kira waya maimakon rubutu. *Mai jan ƙafa* kuma ya daina rubuta "gama rahoto" a jerin ayyukansa, ya rubuta abin da zai yi a minti goma na farko.

Akwai wani hali da ke ratsa duk waɗannan. Julian Rotter ya bayyana shi a 1966: wasu na ganin abin da suka yi yana da tasiri a kan abin da zai same su, wasu na ganin komai a hannun wasu yake. Na biyun sun fi jin matsin aiki. Kada a rikita wannan da tawakkali, domin wanda aka ce ya dogara ga Allah an fara ce masa ya ɗaure raƙuminsa. Ka raba takarda biyu, gefe ɗaya abin da ke hannunka, ɗaya gefen abin da ba ya hannunka. Ranar biyan albashi ba ta hannunka. Rubuta takardar neman canjin duti tana hannunka.

Mataki na biyar: kai maganar inda za a iya gyara

Kada ka je wa shugaba da "aiki ya yi mini yawa", kowa haka yake cewa. Ka je da abu ɗaya takamaimai daga littafinka, da gyaran da kake nema, da amfanin da shi zai samu. Ka zaɓi lokacin da ba kowa a wurinsa, kada ya zama a gaban jama'a inda zai ga kamar ana ƙure shi. Misali: "Ranka ya daɗe, na lura ayyukan gaggawa sun fi zuwa da yamma, shi ya sa ake samun kuskure. In da hali a riƙa sanar da ni da safe, zan miƙa su da tsabta kafin a tashi." Ba sai ka ambaci halinka ba, kuma ban ba ka shawarar ka ambata ba, sai in ka amince da mutumin ƙwarai.

In matsalar ta kowa ce, kamar ƙarancin ma'aikata ko riƙe alawus, kada ka tafi kai kaɗai. Wannan aikin ƙungiyar ma'aikata ne. Ka kuma karɓi hutunka na shekara. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ta shafa aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan wata goma sha biyu, wurare da yawa kuma suna ba da fiye da haka. Masu kara da masu neman kamala su ne suka fi barin nasu ya wuce.

Mataki na shida: rufe ƙofar aiki in an tashi

Binciken Sabine Sonnentag a Jamus ya nuna cewa hutun da ke gyara jiki shi ne wanda hankali ya bar aiki, ba jiki kawai ba. Kafin ka tashi, ka rubuta abu uku da za ka fara da su gobe, don kada ƙwaƙwalwa ta kwana tana riƙe da su. Ka sa wa zauren ofis takunkumin ƙara daga bayan isha'i, wanda ke da gaggawa ta gaske zai kira. Ka nemi barcin awa bakwai. Kofi, shayi mai kauri, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda rabinsa kan kai kimanin awa biyar a jiki, saboda haka na bayan la'asar yana nan tare da kai a kan gado, kuma mai saurin damuwa ya fi kowa jin sa. Tafiyar ƙafa ta minti talatin a yawancin ranakun mako tana taimakawa ƙwarai. Taramol da maganin barcin da ba likita ya rubuta ba kuwa, matsala ta biyu suke ɗora wa ta farko.

Mataki na bakwai: sake aunawa, ka san lokacin neman taimako

Bayan mako shida ka sake rubutun mako ɗaya, ka ajiye shi kusa da na farko. Kada ka sa ran makin zai faɗo daga 8 zuwa 2. Ka duba tsawon lokacin hucewa. In abin da ke kai ka dare yanzu yana ƙarewa kafin la'asar, kana kan hanya, sai ka ɗauki hali na biyu. In ba abin da ya motsa duk da ka yi naka, ka koma mataki na farko da gaske, ka fara neman canjin sashe ko wani aikin tun kana da wannan a hannu.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewa a kan aiki da alama uku: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, jin ka tsani aikin ko ka daina damuwa da mutanen da kake yi wa hidima, da raguwar ƙwazo. In ukun sun haɗu a kanka, dabarun da ke sama su kaɗai ba za su isa ba. Ka ga likita in ka yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai, in barci ko cin abinci ya rikice, in gabanka na faɗuwa ba dalili, ko in awon jininka yana kai 140 bisa 90 a kai a kai. Ciwon ƙirji, ko tunanin cewa gara mutuwa, ba a jiran gobe da su, a ranar ake zuwa asibiti, kuma a faɗa wa wani na kusa. Likitan asibitin da ke kusa da kai zai iya fara dubawa ya tura ka gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen da ake ganin masu damuwa su koma gida a ranar. In za ka je, ka tafi da littafin nan naka, domin zai rage wa likita rabin tambayoyinsa.